Sunan Surukina a Gaban Alƙali

Ku da kuka cika mini waya da tambayar ko an kawo goron ranar Asabar, ku gyara zama, don abin da ya faru a makon nan ya wuce in bi ku ɗaya bayan ɗaya ina amsawa. Wadda kuma yau ta fara cin karo da ni, sannu da zuwa. Sunana Hafiza Zubairu, 'yar Gwandu, shekarata ashirin da bakwai, kuma lauya ce ni. Eh, lauya. Na faɗa da ƙarfi ne saboda shekara biyu ke nan da aka rantsar da ni a Abuja, amma in kuka ga aikin da nake yi sai ku rantse 'yar aike ce.

Ofishinmu yana Birnin Kebbi, ɗaki biyu da fanka ɗaya mai kuka. Litinin zuwa Alhamis ina kwana a gidan Yaya Safiya a Kalgo, in bi motar haya da safe, ranar Juma'a in koma Gwandu. Aikina shi ne riƙe jakar Oga, babban lauyan ofishin, buga takardu, da miƙewa a kotu in ce babban lauya yana wata kotun, muna roƙon a ɗage zama. Wannan jimlar na haddace ta fiye da lambar wayata. Hular gashin nan ta lauyoyi, wadda Baba ya sayar da raguna biyu ya saya mini, sai ranar neman ɗage zama take fitowa daga gwangwaninta.

Sai kuma Muzzammil. Ajinmu ɗaya a jami'a, kuma ba don ina son sa ba, ya fi ni kai. Sau uku yana neman aikin lauyan gwamnati, sau uku ana kafe sunaye babu nasa. Yanzu yana zaune a sito na mahaifinsa a Kalgo yana lura da masu loda buhuna, abokansa suna ce masa Baristan Shinkafa. Yana dariya in sun faɗa, amma ni na san inda abin yake sukarsa. Shekararmu biyar tare, kuma ranar Asabar ɗin nan ce aka sa manyansa za su zo Gwandu neman aurena.

Mahaifin nasa shi ne Alhaji Haliru Ɗalha, babban ɗan kasuwar shinkafa, asalinsa mutumin Ceberu ne da ya zauna a Kalgo. Kun ga yadda na rubuta sunan nan tsaf? Wata ɗaya da ya wuce ko a cikin saƙo ba zan iya ba. A wajenmu mace ba ta kiran sunan surukinta, ko wanda ake shirin ya zama. Baban Kalgo nake ce masa. Innata kuwa, duk wani mai suna Abubakar a duniya, ko mai gyaran famfo ne, "mai sunan Malam" take ce masa, saboda sunan kakanmu ke nan.

To, ga yadda aka yi.

Wata uku da suka wuce wata dattijuwa ta shigo ofis riƙe da takalmanta a hannu. Sunanta Laraba, daga Ceberu. Mijinta Malam Hassan ya rasu bara, ya bar mata 'ya'ya mata uku da gonar gero ɗaya. Gonar tana hannun wani mutum mai suna Ashiru tun shekara ashirin, lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da Malam Hassan. Ita ta ce aro aka ba shi. Shi ya ce saye ya yi. Takarda kuwa babu ko ta rantsuwa.

Oga ya dube ta sama da ƙasa, ya ga babu abin da zai fito daga jikinta, nan take ya tuna ashe yana da ƙaramar lauya 'yar Gwandu.

"Hafiza, ga shari'a. Garinku na, je ki gwada bakinki."

Da ya san irin murnar da na yi, wallahi da ya ji kunya. Fayil na farko da sunana a bangonsa! Na kwashe mako biyu tsakanin littattafan makaranta da littattafan fiƙihun Baba, wanda malamin Arabiyya ne da ya yi ritaya. A zama na biyu a kotun shari'ar Musulunci ta Gwandu na miƙe na ce, tunda Ashiru da bakinsa ya amsa asalin gonar ta marigayi ce, shi ya kamata ya kawo shaidar saye. Alƙali ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Na zauna ina jin kaina kamar an ba ni kujerar Makka.

Sai lauyansu ya miƙe ya ce a zama mai zuwa za su kawo shaida, yayan wanda ake ƙara, Alhaji Haliru Ɗalha na Kalgo.

Biron da ke hannuna ya faɗi. A takardar ƙara Ashiru Ceberu kawai aka rubuta, kuma Ashiru nawa ne a Ceberu? Ina fita na lalubo waya.

"Kana da baffa Ashiru a Ceberu?"

"Eh, ƙanen Baba, uba ɗaya. Lahiya?"

"Shi nake ƙara. Kuma Baba ne shaidarshi."

Alamar ya karanta ta fito. Ya fara rubutu ya goge, ya fara ya goge, har sau huɗu ina ƙirgawa. Daga ƙarshe abin da ya shigo shi ne, "Ina nan tahowa gobe bayan la'asar."

Ya zo ƙofar gidan Yaya Safiya cikin shadda ruwan toka da na fi so, hularsa a karkace, amma fuskar babu annuri. Na fito da atamfata mai ganye da mayafi, na ajiye masa ruwa da kunun aya a kan benci. Ko kallon kofin bai yi ba.

"Ki maida ma Oga fayil ɗin. Ki ce ba ki da lahiya."

"Lafiyata lau."

"Hafiza, don Allah. An sa zaman ran Talata, su Baba za su taho gidanku ran Assabar. Ƙaƙa za ki tsaya gaban mutane ki yi mai tambayoyi, bayan kwana huɗu ya shigo zaurenku da goro?"

"Kai ma lauya ne, Muzzammil. In kai ne za ka janye?"

Ya yi wata 'yar dariya da ban so ba. "Ni? Ni da ban taɓa samun fayil ba balle in janye?"

Maganar ta taɓa ni har cikin raina. Na shiga jan zaren mayafina.

"Abin da nika ci nashi na," ya ce a hankali. "Rigag ga tashi ta, mashin ɗin da na hau na zo nashi na. In yac ce a'a, da mi zan aure ki? Da satifiket?"

Ya hau mashin ɗin ya tafi. Amma kada ku ce ban gwada janyewa ba. Washegari na samu Oga na gaya masa komai. Ya ce shi ba shi da lokacin zuwa Gwandu a kan gonar gero, in na ajiye, tsohuwa ta nemi wani. Ranar Juma'a ina sauka a Gwandu na hau mashin zuwa Ceberu, don haƙƙinta ne ta san lauyarta tana shirin zama surukar shaidar abokin ƙararta.

Na same ta tana sussukar 'yar dawar da maƙwabta suka ba ta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba.

"Ɗiyata," ta ce, "lauya nawa kinka ga sun biyo ni Ceberu? In kin bar ni, Allah na nan. Sai dai damina ta kusa, in Ashiru yas sake shuka, shekara ta tahi." Ta ɗan tsaya tana kaɗe ƙaiƙayi daga zaninta. "Ni abin da ka ba ni mamaki shi Alhajin na. Ai ya hi kowa sani. Kowace kaka in ya zo gida, shi ka ɗauko dami biyu cikin motarshi ya aje muna ƙohwar gida, ya shigo ya gaida Malam."

Na ce ta maimaita. Ta maimaita.

Ga 'yan birni bari in yi bayani. A ƙauyukanmu in an ba ka aron gona, duk kaka kana kai wa mai ita dami ɗaya ko biyu. Ba haya ba ce, ba kuma sadaka ba. Ana yi ne kawai don kada wani ya manta ƙasar ta wace ce. Wanda ya sayi gona ba ya kai wa kowa komai. Na hau mashin na koma gida da amsar shari'ata a hannu, kuma ban taɓa jin nasara mai ɗaci irin wannan ba.

Ranar Litinin da rana na dawo Gwandu don zaman Talata, na iske gidanmu a hargitse da shirin Asabar. An sauya labulen zaure, an aro kafet daga gidan liman, Inna tana tsakar gida gaban kasko tana suyar cincin, fuskarta sharkaf da gumi. Ashe labari ya riga ni isowa.

"Ke Hafiza, mi nika ji hakanga?"

"Aiki ne, Inna."

"Aiki? Shekara talatin da ɗaya ina cikin gidan ga, kin taɓa jin sunan kakanki ga bakina? Ke ko ba a kai ga ɗaura aure ba za ki tsaya ki zare ma mutum ido gaban alƙali? Ƙawayenki duk sun yi ɗiya biyu, uku. Yaron ga shekara biyat shina biɗarki. Don gonar wata can za ki watsa muna ƙasa ga ido?"

"Ba ta da kowa, Inna."

"Ke kina da wa, in sunka hwasa?"

Ta juya cincin da ƙarfi har mai ya fallatsa. Na ga idonta ya kawo ruwa, kuma na san ba hayaƙi ba ne. Inna ba muguwa ba ce. Tsoro take ji, irin na uwar da ta gaji da amsa tambayar "yaushe ne bikin lauyarku" a gidan suna.

Baba yana kan buzunsa a ƙarƙashin dalbejiya, yana jin komai. Ya rufe littafin da ke gabansa ya cire tabarau.

"Kin karɓi amanar matag ga?"

"Na karɓa, Baba."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya zura takalmansa ya tafi masallaci.

Ranar Talata na goge baƙin siket ɗina har sau biyu, na sa farar riga da baƙar kwat, na ɗaura ƙaramin farin hijabi. A kotun shari'a ba a sa hular gashi, don haka ta yi zamanta a gwangwani. Na shafa kwalli kaɗan, don na ce ko kuka zan yi, in yi shi da kyan gani.

Kotun ta cika har tagogi. Mutanen Gwandu ba a gayyatar su kallo, su suke gayyatar kansu. Laraba tana bayana a kan benci da babbar 'yarta. Da aka kira shaida, sai ga shi ya shigo cikin farar babbar riga, carbi a hannu, gemunsa fari tas. Kafin in ankara idona ya sauka ƙasa da kansa, jikina yana neman durƙusa masa. Sai da na dafe tebur.

Ya yi bayaninsa a natse. Ya ce shekara ashirin da suka wuce yana zaune a ƙofar gidan Malam Hassan lokacin da aka yi maganar gona. Ya ga Ashiru ya miƙa, ya ga Malam Hassan ya karɓa, ya ji an yi addu'a an shafa. Nan ya tsaya. Na lura ko sau ɗaya kalmar saye ba ta fito daga bakinsa ba. Mutumin nan ba ƙarya ya zo yi ba, ya zo ne ya faɗi rabin gaskiya ya rufa wa ƙanensa asiri da sauran rabin.

"Barista, kina da tambaya?" in ji alƙali.

Oga ya ba ni shawara in ce shaidar ɗan'uwa ga ɗan'uwansa abin tuhuma ce, in nemi a yi watsi da ita. Hanya ce, kuma doka ta san da ita. Amma ma'anarta in nuna shi a gaban jama'a a matsayin wanda ba a yarda da maganarsa ba, ni kuwa da gaskiyarsa nake son in yi aiki. Na miƙe. Na buɗe baki.

"Baba..."

Lauyansu, wani dogo mai yawan murmushi, ya yi zumbur. "Allah gafarta Malam, muna son a fahimtar da mu. Shaida take ma tambaya, ko surukinta take gaidawa?"

Kotu ta kwashe da dariya. Alƙali ya buga tebur har aka yi tsit, sannan ya dube ni ta saman tabarau, ba da faɗa ba.

"Barista, littafin kotu bai san Baba ba. Ki kira shaida da sunanshi, magatakarda ya rubuta."

'Yan uwa, na yi jarrabawar zama lauya, wadda maza suke suma a cikinta, amma ba ta kai wannan daƙiƙar ba. Na tuna Inna a gaban kasko. Na tuna sabon labulen zaure. A bayana kuma ina jin numfashin Laraba, sama-sama, kamar na wadda ta yi gudu. Na ce a raina, Hafiza, shekara biyu kina kukan ba a ba ki dama ba, to ga ta nan an ba ki.

Na ɗaga kai na dube shi cikin ido, karo na farko a rayuwata.

"Alhaji Haliru Ɗalha."

Wata tsohuwa daga taga ta ce, "Subhanallahi!" Carbin da ke hannunsa ya tsaya.

"Ka ce ka ga an miƙa, ka ga an karɓa. Me aka miƙa?"

"Ƙulli na."

"Ka ga abin da ke ciki?"

"Goro na."

"Kana zuwa Ceberu da motarka lokacin kaka?"

"Ina zuwa."

"Dami biyu na gero da ake ajiyewa a ƙofar gidan Malam Hassan kowace shekara, wa yake kai su?"

Ya juya ya dubi Ashiru, wanda ya sunkuyar da kai yana murza hula. Ya dawo da idonsa kaina. Ban kawar da nawa ba.

"Ni nika kai su."

"Har zuwa yaushe?"

"Har shekarar da yar rasu."

"A Ceberu, wanda ya sayi gona yana kai wa wanda ya sayar masa dami?"

Dogon lauya ya miƙe yana cewa bai yarda da tambayar ba. Alƙali ya ce ya zauna, shaida mutumin garin ne, ya amsa.

"Ba shi kaiwa," in ji Alhaji.

"Allah gafarta Malam, ba ni da sauran tambaya."

Na zauna. Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Alƙali ya sa mako biyu don yanke hukunci, amma har mai sayar da ruwa a bakin ƙofa ya san inda gonar ta nufa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba tun ranar da aka rantsar da ni. Tambaya shida na yi, babu zagi, babu ɗaga murya, kuma dogon lauya ya fita yana neman inda ya ajiye murmushinsa.

A waje Laraba ta kama hannuwana biyu ta ƙanƙame. Na zame a hankali, don na hango farar riga ta nufi mota. Na bi shi da sauri, na durƙusa a kan ƙasa da siket ɗin da na goge sau biyu.

"Baba, ina wuni."

Ya tsaya, hannunsa a kan ƙofar mota. Bai dube ni ba.

"Tashi. Barista ba ta durƙusa ma shaida."

Ya shiga ya rufe. Sai a lokacin na ga wanda yake tuƙin. Muzzammil ne, hannuwansa biyu a kan sitiyari, idonsa a kan titi. Motar ta tashi ta bar ni a durƙushe, mutane suna kallo. Na miƙe na kakkaɓe gwiwata, na gyara kwat, na taka zuwa bakin hanya da kaina a sama. Sai da na shiga ɗakina na rufe ƙofa sannan kwallin ya yi aikinsa.

Inna ta kawar da kai daga gare ni. Ta zuba cincin a manyan robobi ta tura ƙarƙashin gado. Ranar Laraba Oga ya kira, ya ce ya ji labari, in huta zuwa Litinin, akwai fayil biyu a kan teburina. Mutumin da shekara biyu bai san ina da murya ba, yau har da "sannu da ƙoƙari, Barista." Na ce na gode, na ajiye waya, na sake duba sunan Muzzammil. Yana kan layi. Bai rubuto ba. Ni ma na rubuta "ka yi haƙuri" na goge, don na duba ban ga abin da zan ba da haƙuri a kansa ba.

Ranar Alhamis da azahar saƙo ɗaya ya shigo.

"Na ji duka ta taga. Tun muna makaranta ban ga wanda yay yi tambaya hakanan ba. Ina alfahari da ke, kuma ban san abin da zan yi ba."

Na karanta shi ya fi sau ashirin. Rabin farko na sa a zuciya, rabin ƙarshe ya hana ni cin abinci.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina tsakar gida ina tsince wa Inna shinkafa, sai muka ji tsayuwar mota. Aka yi sallama a zaure, muryar da ko a mafarki zan gane. Inna ta dafe ƙirji. Ba a jima ba Baba ya leƙo.

"Hafiza, sa hijabi ki zo."

Alhaji Haliru ne, shi kaɗai, babu goro, babu rakiya. Yana zaune a kan kafet ɗin aro, wata tsohuwar jakar fata a gefensa. Na raɓe a bakin ƙofa na durƙusa na gaishe shi. Wannan karon ya amsa, a taƙaice. Na ajiye wayata a gefen tabarma.

"Malam Zubairu, magana biyu ta kawo ni," ya ce, yana duban Baba. "Ta hwarko. Wani ya hito da takarda, ya ce hilin da sitona yake kai nashi na. Shekara guda muna kotu. Lauya biyu sunka riƙe min, ba wanda na ga ya yi tambaya guda da ta sa mutum zuhwa. Ni ko ran Talata na yi zuhwa. Ɗiyarka nika so ta riƙe."

Baba ya gyaɗa kai. Ni kuwa zuciyata ta fara wani tsalle na wauta, har na fara tunanin ashe abin zai zo da sauƙi.

"Ta biyu. Gobe ba mu tahowa."

Na ji an ja numfashi a bayan labule. Inna ce.

"Ban ce ta yi laihi ba," ya ci gaba. "Gaskiya ta biɗa, kuma ta samu. Amma bakin da yak kira sunana cikin taro, ba ni iya jin shi cikin gidana shina ce min Baba. Na gwada ma raina kwana uku. Ba ni iyawa."

"Yaron ya sani?" in ji Baba.

"Na hwaɗa mai da sahe."

"Mi yac ce?"

"Bai ce komi ba."

Wannan ce ta kayar da ni, ba fasa zuwan ba. Shekara biyar, kuma bai ce komai ba. Na danne kuka da ƙarfin tsiya, don na rantse dattijon nan ba zai ga hawayena ba.

Baba ya juyo gare ni. "Ta biyu tawa ta, kuma na ji. Ta hwarko taki ta."

Ina iya cewa a'a, kuma babu wanda zai ga laifina. Na miƙe na shiga cikin gida. Na wuce Inna tana toshe baki da gefen zani. Na ɗauko littafin rubutuna da biro, na jawo farar kujerar roba daga tsakar gida, na shigo da ita zaure na ajiye a gabansa. Na zauna a kai, na ɗora littafin a cinya.

"Ba zan sa hannu ba sai an yanke hukuncin Laraba, kuma ta ofishinmu za a bi. Amma zan ji bayani yanzu." Na buɗe sabon shafi. "Cikakken suna?"

Ya dube ni, ya dubi kujerar. Sannan ya gyara zama.

"Haliru Ɗalha."

Na rubuta, harafi bayan harafi. Ina ɗiga aya wayata ta kama haske a kan tabarma, tana ruri a tsakaninmu. Mu uku duka muka ga sunan da ya fito. Muzzammil.

Ta yi ta yi har ta katse. Ta sake kamawa.

Na sunkuya na kifa ta, na dawo da biro kan takarda.

"Shekara nawa kana riƙe da filin, Alhaji?"